Ranar Buɗe Gaɓar Pweza

Litinin, 18 ga Satumba

Mista Lukas, manajan otal ɗinmu, ya sa ranar buɗe gaɓa: Asabar 7 ga Oktoba. Ranar ce masu ba da lambar yabo ta kare teku za su iso tsibirinmu na Pemba. Wata uku ke nan gaɓa a rufe, ƙauyenmu bai kama pweza ko ɗaya ba, wato dabbar tekun nan mai hannu takwas, don su samu su girma. Otal ne ya kawo shawarar, ni kuma aka tura na lallashi mutane, tunda ni ce 'yar gari mai digirin ilimin teku. Aikina ke nan, fassara da murmushi.

Na ce wa Mista Lukas ranar bakwai ga wata ruwan teku ba zai janye ba. Ya ce, "Madalla, Tima, hoto ya fi kyau da ruwa." Sunana Mwatima, amma ya yi masa tsawo.

Laraba, 20 ga Satumba

Na zana masa a takarda. Mata da ƙafa suke shiga kamun pweza, da tsinken ƙarfe, sai teku ta ja baya sosai lokacin cikar wata ko tsayuwarsa. Idan ruwa bai janye ba, maza masu nutso da kwalekwale ne za su kwashe komai. Ya yaba zanen.

Asabar, 23 ga Satumba

Gwaggo Mboja ta tare ni a bakin rijiya. "To, 'yar boko, an ce mu koyi iyo ko? Ki tambayi ubangidanki ko yana da wandon wanka daidai ni." Mata suka kwashe da dariya. Sai ta rage murya: "Don ke muka haƙura, ɗiyata. Baturen nan wa ya san shi?" Wata uku suna cin rogo da ganye saboda bakina.

Pandu, babban masu nutso, ya wuce yana fito. Wai yanzu shi ma yana son kare muhalli.

Talata, 26 ga Satumba

Baƙin otal sun dasa rassan murjani a cikin teku yau, kowa ya ɗaura sunansa a jiki. Wata ta yi kuka. Ban tambayi dalili ba.

Alhamis, 28 ga Satumba

Na sake komawa ofishin Mista Lukas. Ya ce an riga an buga katin gayyata. Na ce teku ba ta samu nata ba. Bai yi dariya ba, ya tuna mini wanda ke biyana.

Da la'asar na je wurin dattawan kwamitin gaɓa. Na tuna musu cewa yarjejeniyar rufe gaɓa ta ce ƙauye ke buɗewa, otal shaida ne kawai. Na ce jibi ruwa zai janye da hantsi. Shugabansu ya dube ni ya ce, "Aikinki fa?" Na ce aikin fassara ne, na fassara.

Asabar, 30 ga Satumba

An buɗe. Teku ta ja baya har inda ido ke gani, mata suka bazu da zannuwansu a ɗaure. Na tsaya a baki da takalmina da ma'auni, kamar kullum. Gwaggo ta zaro wani pweza daga rami, ya naɗe mata hannu har kafaɗa. "Zo ki auna wannan, Malama, in digirinki zai ɗauka!" Ban taɓa ganin irin girmansa a gaɓar nan ba, ko ina yarinya. Ban faɗa ba.

Lukas ya sauko a guje da gajeren wando. Ya yi ta magana, ba mai fassara masa.

Litinin, 2 ga Oktoba

An sallame ni. Cikin ladabi, har da ruwan kwakwa.

Asabar, 7 ga Oktoba

Masu lambar yabo sun zo. An ce Pandu ya yi nutso sau da yawa kafin ya fito da ɗan ƙaramin pweza, aka tafa masa. Mu mun ci namu da miyar kwakwa, har maƙwabta.

Talata, 10 ga Oktoba

Gwaggo ta zo da safe, ta zauna ba ta gaishe ni ba. "Yaushe za mu sake rufewa?" Na ce ta tambayi otal, ni tun farko ban ɗauki abin nan da wata daraja ba, albashi ya kai ni. Ta ce, "Otal ɗin me? Ke nake tambaya." Na ce babu ruwana.

Ta tafi ta bar mini tsinken ƙarfenta a jingine da ƙofa, wai mantuwa.

Bayan janyewar ruwa ta mako mai zuwa ya kamata a rufe. Ɓangaren arewa kuma, can ƙananan suka fi yawa. Na rubuta ne kawai don kada Gwaggo ta yi kuskure.