Ruwan Wankan Auta

Zuwa ga Rabi,

Assalamu alaikum. Ya kwanciya? Na san babu mai kai miki takardar nan. Ko kina raye ma, ni zan zauna in karanta miki ita. Duk da haka zan rubuta, don rubutu ne kaɗai abin da karatuna ya bar mini.

Autarmu ta yi nauyi. Mijinta ya kira ni daga Damagaram, wai wata ya kusa, yaushe zai sako ta a mota ta zo gida wanka. Haihuwar fari ce, kin san gidan iyaye ake yin ta. Na ce masa kada ta zo. Tun ranar ba ta ɗaga wayata. Yayarki Hajiya Mariyama ta aiko mini daga can cewa uwa ta mutu, uba ya rufe ƙofa. Maƙwabta kuwa sun ce rowar itace nake.

Ba itace ba ne, Rabi. Ruwa nake tsoro.

Kin tuna pampon bakin masallaci da kika yi shekaru kina ɗiba? An zo an cire masa kai, an toshe, ba wanda ya tsaya ya gaya mana dalili. In lafiyarsa lau, don me aka rufe? In ba lafiya, tun yaushe? Na je ofis na tambaya da faransancin nan nawa da kike alfahari da shi. An ba ni kujera, an yaba mini iya magana, aka raka ni bakin ƙofa.

Ni da na ƙare ƙarfina ina auna ramukan haƙar uraniyom a ƙarƙashin Arlit, na ga ruwan da injuna ke zuƙowa ba hutu don mu samu busasshen wurin haƙa. Makiyayan wajen Gougaram kullum ƙara igiya suke wa gugansu. In an yi ruwan sama, ƙorama ta gindin tsibin ƙasar da aka tono take bi kafin ta kai garake, inda kike sayen salati. Yanzu an rufe ramin, manyan kamfani sun ɗauki jakunkunansu. Tsibin yana nan, mu ma muna nan.

Ki duba mini wankan jego. Kwana arba'in, safe da yamma, ana fyaɗa mata ruwan zafi da ganye tana shaƙar tururi. A dama mata kunun kanwa. A wanke jinjiri, a ɗiga masa a baki. Da wane ruwa? Masu kura na kawo ruwan sayarwa a bido, kowa ka tambaya ya ce pamponsa mai kyau ne.

Likita ya ce ƙoda ce ta kwantar da ke. Ban ce ruwa ne ba, ajali ne. Amma ban taɓa gaya miki ba, tun da ƙafafunki suka fara kumbura ba na iya kallon randarmu. Kina miƙo mini moɗa, ina sha don kada ki gane.

Auta ma ban gaya mata ba. Yaya zan ce wa mai ciki ruwan da ta girma da shi nake zargi? Gara ta ce ubanta marowaci ne, ta samu barci.

Sai dai ba zan bari ta haihu kamar marar gida ba. Na ɗaure kaya. Zan kama ɗaki kusa da Hajiya Mariyama, ita ta yi mata wanka, ni in kawo itace. Gidan nan ba mai saye, na bar wa Malam Ali maƙwabci mabuɗi.

Ke kaɗai kika riƙe ni a garin nan. Yau da safe na je na share rairayin da ya hau kabarinki, na gyara duwatsun. Ban san wa zai yi bayana ba. Na san da kina magana, korata za ki yi in tafi wurin yarinya. Duk da haka ki yafe mini, na kawo ki garin mutane, zan tafi in bar ki.

Allah ya sanyaya miki makwanci, ya shayar da ke daga Alkausara.

Mijinki,
Isuhu mai awo