Ƙoƙon Da Suka Ware Miki

Birnin Gwari,
Talata, 15 ga Agusta, 1967.

Zuwa ga Huseina, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, furen ɗorawar da ya fi kowane ja a dajin nan.

Bayan gaisuwa mai yawa, ki sani kwana goma sha biyu ke nan da aka ɗauke ki daga Kutemeshi aka kai ki Gwaska wurin gwaggonki, ni kuwa tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In zauna, in miƙe, in hau keke in bi hanyar daji har bakin rafin da ya cika ya hana wucewa, in tsaya ina kallon ruwa kamar zai ji tausayina, in juyo. Tuwo ya zame mini ƙasa a baki. Ta yaya zan ci, alhali an ce ke kaɗai kike ci a bayan rumbu?

Laifin nawa ne, masoyiyata. Kin tuna ranar kasuwar da kika same ni a gindin tsamiya, inda nake raba ƙwayoyin maganin kuturta duk mako? Kika ɗan janye ɗankwali, kika nuna mini farin da ya fito a goshinki, da 'yar furfurar da ta tsiro a kansa, da na bayan hannunki da kika rufe da lalle. Na sa ki rufe ido. Na taɓa wurin da auduga, kika nuna da yatsa. Sau bakwai na taɓa, ba ki kuskure ko ɗaya ba, har kika yi dariya wai ina miki cakulkuli. Tabon kuturta ba ya jin auduga, naki kuwa yana ji sarai. Murna ta rufe mini ido, na manta rabin kasuwa na kallonmu, na manta duk wanda aka gani a gindin tsamiyar nan an gama yanke masa hukunci. Ni mai taƙama da takardar shaidar aikin asibiti, hankalin in ja ki gefe bai zo mini ba! Kafin la'asar an ware miki ƙoƙo.

Jiya na je wurin Iya Habiba, tsohuwar da ta tashi tare da kakarki. Ta rantse mini kakarki ma tana da irin wannan farin a hannu biyu, shekara arba'in tana ɓoye shi da lalle, ta haifi tara, ta koma ga Allah da yatsunta goma cif. Gadon jini ne, kamar wushiryar gidanku. Ba ya bin ƙoƙo, ba ya bin tabarma. Ba zan yi miki ƙarya ba: ba ni da maganinsa, kuma yana iya ƙaruwa. To sai me? Wa ya taɓa ƙin zabuwa don zanen jikinta? Wannan furfurar da kike tsinkewa, ni na fi son ta a kan gashin matan duniya. Ki bar ta ta tsiro.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakat. Na ji kawunki Bakoji ya gama magana da direban motar katako, ranar Asabar za a kai ki zangon kutare. Huseina, don girman Allah kada ki hau motar nan. In kika shiga can da lafiyarki, sunan zai bi ki har kabari. Da ba don mutum talatin da ke jiran ƙwayarsu ranar Alhamis ba, da ni na kawo takardar nan da ƙafata. Makiyayin da zai miƙa miki ita ya kwatanta mini mashigi ta saman rafi. Ranar Juma'a zan ɗora keke a ka in haye, ko da ruwa ya kai mini wuya.

An ce har Gwaska aka haɗa ki da ƙoƙon, kuma kin rantse sai kin fasa shi. Kada ki fasa, rabin raina. Ki dama fura a ciki, ki fara sha, ki miƙo mini a ƙofar gida lokacin da ake dawowa daga masallaci. Zan shanye a gaban kawu da duk Gwaska, in suɗe da yatsa, sannan in tambayi ranar da baffana zai zo neman aurenki.

Naki, da fari da baƙi, har ranar da furfurata za ta kamo taki,

Ladan.