Kaɗan Ɗin Gida Ba Na Italiya Ba Ne

Zuwa ga 'yata Bahijja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kina lafiya, Ya sauƙaƙa miki karatu. Mu nan Bodinga kalau muke. Gero ya yi kyau bana, ƙafar babanki ma ta yi sauƙi har yana lallaɓawa fadama duba albasa.

Na je suna Shagari gidan yayarki Hafsat, ta nuna mini hotonki a waya, sai da na kau da kai. Wuyanki duk ƙashi. Da na matsa mata ta ce jiri ya kayar da ke a aji, kuma kin roƙe ta kada in ji. Wannan ɓoyo ba tarbiyyata ba ce, kada ki sake. Ta ce tsohuwar da kike zaune gidanta kullum tana tambayar yawan abincin da za ta zuba miki, ke kuma kin duba yadda ake cewa kaɗan da yarensu, kin samo “poco”, shi kike ta maimaitawa. Ita kuwa baiwar Allah sai ta zuba kaɗan ɗin, ta ɗauke tukunya.

Ni na koya miki cewa 'yar mutunci ba ta nuna kwaɗayi a gidan wani, kuma ban janye ba. Amma a nan in baƙo ya ce kaɗan, cika kwano ake yi a ƙara masa miya, don an san kawaici ne. Matar nan ba ta san haka ba, gaskata ki take yi. Cutar da jikin da Allah Ya ba ki amana ba kunya ba ce.

Na sa Hafsat ta nemo mini fassarar “plenty” a wayarta, ta ce “tanto” ne. Turancina na sakandare ya kai ni nan. Ki faɗe shi da baki buɗe, ki cinye, ki gode mata, ki wanke kwanon.

Babanki na sa miki albarka. Kawunki Mainasara da Gwaggo Madina ta Sifawa suna gaishe ki. Ki gaida mini tsohuwar da kyau.

Kaɗan ɗinki kuwa ki ajiye shi sai kin dawo gida. Ni na san yadda zan zuba.

Mahaifiyarki,
Ummukulthum