Lahadin Da Ba A Faɗi Sunana Ba

Sansanin horo, 10 ga Agusta, 1997

Yaya Orvis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Mama da matarka Verlene. Yaya idon Mama, kuma yaya sugan nata? Yaya aikin kamfanin tarwada? Ni dai lafiyata ƙalau, sai kewar gida.

Wannan takardar taka ce. Ka karanta wa Mama gaisuwar, sauran ka bar shi a cikinka. In na buga waya ita ke ɗauka, kuma ka san Mama, daga muryar mutum take gane bai ci abinci ba.

Yau kwanana ashirin da uku a nan, ba wanda ya kira ni Lendell. Sunana Arba'in-da-takwas, lambar rigata. Tsofaffin 'yan wasa sun ce ba sa wahalar da kansu da haddace sunan sabon shiga, tunda rabinmu ba za su ga Satumba ba. Mu ke kwasar musu hulunan kwano da sulken kafaɗa in an tashi atisaye. Shekaranjiya a ɗakin cin abinci suka sa na hau kujera in yi waƙa. Na ɗauko wadda Mama ke ja a majami'a. Ban kai baiti na biyu ba wani ƙato mai wuya kamar turmi ya ce, "Sauko haka nan, Arba'in-da-takwas, kada ka tsinka mana miya." Aka yi ta dariya. Ni ma na taya su, to me zan yi.

Aikin dai shi ne na bayan gidanmu. In duƙa, in wurga ƙwallo baya ta tsakanin ƙafafuna, yadi goma sha biyar in za a buga ta sama, yadi takwas in za a dasa ta a ƙasa a buga tsakanin sanduna. Sai dai a nan babu tsohuwar taya rataye a itace, kuma babu kai a tsaye kana ce mini raggo. Mu uku ake warewa a wani ƙaramin fili can gefe: ni, da Haskew mai bugun sama, wanda kuma shi ke dasa ƙwallon, sai Dombrowski mai bugun sanduna. Shi wannan dattijo ne, kakar wasansa ta goma sha huɗu ke nan. Tun zuwana magana ɗaya ya yi mini. Ya ɗauki ƙwallon da na wurga, ya jujjuya ta, ya ce, "Ɗinkin ƙwallon ya riƙa isowa yana kallon gaba. Ba na son ganin ɗinki a bakin takalmina."

Nan da mako biyu za a gama rage mutane. Akwai wani mutum da ke bin ɗakuna da safe yana ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce koci na nemanka, ka taho da littafin dabaru. In ka ji haka, sai haɗa jaka. Ranar Talata aka ƙwanƙwasa wa abokin ɗakina. Gadonsa na nan a gyare, ba a kawo kowa ba.

Ka sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Lendell

22 ga Satumba

Yaya Orvis,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kowa lafiya. Takardarka ta iso, har da hoton kwanon satalayit ɗin da ka kafa a kan rufi. Ya karkace, Yaya, amma na gode.

Kamar yadda na faɗa muku a waya, ba a ƙwanƙwasa mini ba. Na kama ɗaki a hawa na uku, kusa da tafki. Katifa ɗaya, kujera ɗaya, tukunya ɗaya. Na zaga kantuna huɗu neman kuɓewa, wata yarinya mai sayarwa ta tambaye ni ko sunan magani ne.

Abin da ka rubuta game da Mama ya tsaya mini a rai. Ka ce duk Lahadi tana dawowa daga majami'a ko hula ba ta cirewa, sai ta ja kujera har jikin talabijin ta kara kunne, tunda idon ba ya ganin komai sai haske. Ka ce wasa uku ke nan tana jiran mai sharhi ya faɗi sunana. Kuma wai Mista Purvis mai aski, da ke zuwa kallo da cin burodin masararmu, ya ce, "Anya yaron nan naki ba ruwa yake raba musu ba?" Ka gaya masa na ce askinsa ma ba a taɓa faɗa a talabijin ba.

Amma ranar Lahadi da na buga waya, ita ma sai da ta tambaye ni, a hankali, ko sun bar ni na shiga. Yaya, sau tara na shiga. Sau tara ƙwallo ta bar hannuna ta isa inda aka ce. Na faɗa mata, ta ce to madalla, amma na ji yadda ta faɗe shi.

Washegari na yi ƙarfin hali na tambayi Dombrowski ko ana taɓa faɗin sunan mai irin aikina. Yana ɗaure takalmi, ko kai bai ɗago ba. Ya ce, "Wanda ka gada ya yi shekara shida a nan, matata ba ta san sunansa ba. Ran da ta sani, ran nan aka sallame shi. Ka roƙi Allah kada a san ka."

Na gane maganarsa. Amma Mama sunan mahaifinta ta sa mini, kuma lamba arba'in da takwas ba ta gaya wa makauniya komai. Sau ɗaya tak nake so ta ji.

Ka gaishe da Verlene, ka ce ta rage wa Mama zaƙi ko da za ta yi faɗa.

Naka,
Lendell

27 ga Oktoba

Yaya Orvis,

Ina gaisuwa. Yaya sanyi a wajenku, in har abin da kuke yi sanyi ne? Nan tafkin ya fara hura wata iska mai shiga haƙori.

Ba wani labari. Talata ce ranar hutunmu, kuma ita na fi tsana. Masu iyali suna gida, samarin kuma ba sa gayyatar mu 'yan ƙaramin fili, wai mu ba 'yan wasa ba ne, ma'aikata ne. Talatar da ta wuce, tun safe har na kwanta, mutum ɗaya na yi wa magana, shi ne mai wankin kaya, kuma canji na tambaye shi.

Amma na samo dabara. Ka san in na wurga wa Haskew ya buga ta sama, ni ma ina bin sauran a guje don a kayar da wanda ya cafe. To duk wanda ya kai shi ƙasa, mai sharhi kan faɗi sunansa. Wannan ba ɓarna ba ce, aiki ne. Jiya saura taki biyu in riga kowa. In na ɗan ƙara sauri wajen tashi, zan samu.

Dombrowski ya lura. Yau a atisaye ya ce, "Kai, Arba'in-da-takwas, kana ɗaga kai kafin ƙwallo ta bar hannunka. Ina za ka?" Na ce ba ko'ina. Ya ce, "To zauna a inda kake." Tsoho ne, komai tsoro yake ba shi. Wurgi dubu nawa na yi ta cikin tayar nan? Hannuna ya san hanya ko ina barci.

Kada ka gaya wa Mama, so nake ya zo mata ba zato. Ka dai tabbata Purvis na ɗakin.

Ƙaninka,
Lendell

18 ga Nuwamba

Yaya Orvis,

Da fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri ban ɗauki wayarka ba. Ina jin ta tana ta ƙara, ina zaune a kan katifa.

Ka gani da idonka, ba sai na faɗa ba, amma bari in faɗa ko na samu sauƙi. Saura minti uku, muna gaba da maki huɗu. Na duƙa, na hango hannun Haskew ta tsakanin ƙafafuna, amma zuciyata tana can ƙarshen fili wajen wanda zan kayar. Na tashi da wuri. Ban ma san abin da ya faru ba, ina ta sheƙa gudu ni kaɗai, sai na ji filin ya yi wani irin ihu. Da na waiwaya, ƙwallon ta bi ta saman kan Haskew tana ta gangarawa, wani nasu ya ɗauke ta ya shige da ita ƙarshen filinmu, suka wuce mu da maki. Mutum dubu sittin, Yaya, ni kuma ina tsakiyar fili ina bin iska.

An ce sau uku mai sharhi ya faɗi sunana, cikakke, har da garinmu.

A jirgi ba wanda ya zage ni. Da ma zagin suka yi. Kujerar da ke kusa da ni ta zo har gida babu kowa a kanta. Jiya aka nuna wurgin a allo gaban kowa, koci ya mayar da shi baya sau biyar. A na biyar ya tsayar da hoton daidai inda kaina ya ɗago, ya bar shi a haka, ya fita shan kofi.

Yau Talata na kasa zama a ɗaki, na tafi wurin atisaye. Ta tagar ɗakin ɗaga ƙarfe na hango mutum biyu da ban sani ba a ƙaramin filinmu, sun duƙa suna wurgi, koci na riƙe da agogo. Dombrowski na buga abin da suka wurgo. Ban ga laifinsa ba, yana da 'ya'ya uku. Ɗaya daga cikin baƙin biyu ya fi ni jiki, kuma ƙwallonsa ba ta rawa.

Ban sani ba ko zan kai Lahadi. Duk motsin da na ji a bakin ƙofa sai in ce an zo ƙwanƙwasa mini.

Alfarma ɗaya nake roƙo. Mama ta ji abin da take jira. In ba ta gane dalili ba, don Allah kada ka fassara mata, kuma ka ja wa Purvis kunne. Ka bar ta da murnarta. Ni na jawo, ni zan ɗauka.

Ƙaninka da ya ƙi jin magana,
Lendell

22 ga Disamba

Yaya Orvis,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ka, da Verlene, da Mama musamman. Wannan karon ka karanta mata duka, kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Takardarka ta kusa wata a aljihun jakata, har ta fara yagewa a wajen ninki. Na kasa amsawa sai yau. Ashe ni ne wawan. Ka ce tun kafin a faɗi sunan, daga ihun filin ta ce, "Yaron nan ya ɗaga kai." Ka ce da Purvis ya buɗe baki, ta nuna masa ƙofa da sandarta, ta ce ya ajiye burodin ya fita. Mama, na manta shekara nawa kika yi kina zaune a bakin taga kina jin Yaya yana mini wannan faɗan a bayan gida.

Abin da ya fi kama ni shi ne wanda kika ce daga baya, wai laifinki ne, kin yi wata uku kina sauraron abin da ba shi ne aikina ba. Ba laifinki ba ne, Mama. Amma da Yaya ya rubuta cewa yanzu ƙarar bugu kike saurara, wai duk "dum" ɗin da kika ji kin san hannun ɗanki ne ya fara taɓa ƙwallon, sai da na shiga banɗaki na kulle ƙofa, don akwai mutane a wurin.

Koci bai kore ni ba a makon, bai kuma ce ya bar ni ba. Ya riƙe mai wurgin nan da ya fi ni jiki a otal, kullum yana zuwa atisaye yana tsaye a bayana. Haka na yi wasa huɗu. Na daina bin kowa da ido. In na duƙa, hannun Haskew kawai nake gani, ba na tashi sai na ji ƙwallo ta faɗa a tafinsa.

Jiya ne wasan ƙarshe, kun ji shi. Ƙanƙara na zuba, yatsuna kamar ba nawa ba. Saura daƙiƙa huɗu, ana binmu maki biyu, aka ce mu fito bugun sanduna mai maki uku daga yadi arba'in da ɗaya. Da muka jeru, ƙaton nan mai wuyan turmi da ke gefena ya ce, "Kai mawaƙi, yau dai kada ka tsinka mana miya." Wallahi sai da na yi murmushi a cikin hula. Na goge ƙwallon da tawul, na duƙa, na saki. Ban ga bugun ba, kaina na ƙasa, mutum biyu sun danne ni. Ƙarar kawai na ji, kamar ke, Mama.

Aka ɗauki Dombrowski a kafaɗa, mai sharhi na ta kiran sunansa. Ni na tsinci tawul ɗina na bi bayansu. A ɗakin canja kaya, bayan 'yan jarida sun watse, ya zo wucewa da jakarsa, ya tsaya a gabana ya ce, "Ɗinkin na kallon gaba, Lendell." Ya yi gaba abinsa. Ban ma san ya san sunana ba.

Yau da safe koci ya ce in huta, mu haɗu a watan Maris. Mai jikin nan ya koma garinsu. Na ba shi hannu, don na san irin tafiyar da zai yi.

Ina nan tafe ranar Laraba a motar safe. A dafa kuɓewa, Verlene, ko babu nama. Yaya, kada ka sauke tayar nan daga itace.

Mama, jiya ba a faɗi sunana ba ko sau ɗaya. Ni na ƙirga bugu goma sha ɗaya. Ke nawa kika ji?

Ɗanki,
Lendell