Ɓauren Baba

Altadena, Janairu

Ƙanwata Odessa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya Shreveport, yaya ciwon gwiwar? Ki gaishe min da mijinki Cleophus.

Mun tsira da rai daga gobarar da ta ci unguwarmu, amma gidan Baba ya zama toka. A zauren coci nake kwana. Kina kallon talabijin kuwa? Kullum gidajen 'yan fim na bakin teku ake yi wa kuka. Ranar da aka tuna da mu, wata 'yar jarida ta cusa min makirfo, wai me ya hana ni gudu da wuri, kuma ko ina da inshora? Na ce, "'Yar nan, a gidanku ba a fara yin jaje?"

Abin da ya fi ƙona min rai na ɗana Lamont ne. Na aike shi ya tona gindin ɓauren nan da Baba ya taho da reshensa daga Louisiana, ya duba ko saiwar na da rai. Aka ɗauke shi hoto riƙe da shebur, aka nuna wa duniya wai ga masu wawaso. Maƙwabcinmu farar fata ma yana tona tokarsa, shi kuwa wai bawan Allah ne mai neman zoben matarsa. Toka ɗaya fa, Odessa!

Taki har kullum,
Ernestine

Altadena, Maris

Odessa,

Ina gaisuwa. Da fatan gwiwar ta yi sauƙi.

Wani Mista Whitlock ya maƙale min, kullum da kwanon abinci da murmushi. Wai ya ga hoton Lamont ya tausaya, wai unguwar dama ta tsufa, yanzu kuma ba tsaro, gara in sayar masa da filin in huta. Ji min mutum! Lokacin da Baba ke yawon neman gida ana rufe masa ƙofa saboda baƙar fatarsa, nan aka yarda aka sayar masa. Yau nan ɗin ne ya yi daɗi?

Ruwa dai ba ya tsami banza. Mutumin ya san filin namu ne mu biyu. Jiya kuma da zai tafi ya ce, "Ki yi tunani, Tootie." Sunan da ake kira na da shi a gida ina yarinya ke nan. Baba da Mama sun rasu, ko Lamont bai san sunan nan ba. Saura ke.

Ban ce kin haɗa baki da shi ba. Na san asibitin Cleophus ya cinye ku. Amma da ni ya kamata ki fara magana, ba baƙo ba, kuma abin ya yi min ciwo. Kada ki kira ni a waya, bakinki ya iya lallashi. Rubuto min, i ko a'a.

Ɓauren ya yi toho, shekaranjiya na gani. Rabinsa naki ne, in ba ki riga kin sayar ba.

Yayarki,
Ernestine