Ƙugiyar Baban Yara

Litinin, 3 ga Maris

Likitan gashin ƙashi ya ce hannun Baban yara ba zai dawo ba sai an ba shi aikin da ransa yake so. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, magana biyu ce ta rage masa, "a'a" da "to", ita ma "to" ɗin an daɗe ba a ji ta ba. Me yake so in ban da fatsa? Shekara da shekaru duk ranar hutu yana bakin ruwa, ni ina kan keken ɗinki ina mita. Na buɗe gwangwanin kayansa, ƙugiyoyin duk sun yi tsatsa. Gobe in sayo sababbi ya riƙa ɗaurawa. Ƙugiya ai ƙugiya ce.

Talata, 4 ga Maris

Ashe ba haka ba ne.

Mai shago ya jawo akwati mai gida-gida. "Wace lamba, Hajiya?" Na ce babba. Ya ce babbar lamba ko babbar ƙugiya? Wai in lamba ta hau, ƙugiya ƙanƙancewa take yi. A allurar keke dai ba haka muka sani ba. Ga mai dogon wuya, ga mai gajere, ga wata ma ba ta da kafar da za a zura zare. "Wane kifi za a kama?" Na ce wanda ya zo. Ya yi dariya har da tari. Na ɗauko manya, don hannu mai rawa ya samu abin riƙewa.

Laraba, 5 ga Maris

A'a. Ko taɓa su bai yi ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na ƙaro ƙanana da matsakaita, na zuba masa duka a faranti ya zaɓa. Ya kalla, ya kalla, sai ya ture farantin. Na yini ina bin tabarma da mayen ƙarfen da nake tsince allura. Ɗaya ta shige mini yatsa, ɗan haƙorinta ya ƙi fita, sai da maƙwabciyata mai aikin jinya ta zo. Tana ɗaure mini yatsan tana cewa, "Maman yara, ke da ɗinkin mutane ke jibge?"

Ƙugiyar ce ba ya so, ko ni, ko zaman duniyar? Ban sani ba.

Talata, 11 ga Maris

Ƙanensa ya zo, ya rantse masu lanƙwasasshen baki Yaya ke so. Babbar 'yarmu kuma ta waya: "Umma, ki bar shi ya huta, tuna masa kike yi da abin da ya rasa." Na kashe wayar na yi kuka a kicin. Wataƙila gaskiyarta. Yau cokali biyu kawai ya ci.

Juma'a, 14 ga Maris

Na yi niyyar tattara komai in ɓoye. Ina zaune kusa da shi, haka kawai na ɗauki ɗaya na zura zare, na yi mata ƙulli irin namu na teloli. Ina ja, ta zame. Na sake, ta zame. Sai na ji wani sauti daga maƙogwaronsa, na zabura na zaci shaƙewa ya yi. Dariya ce! Ni yake wa dariya.

Ya kamo yatsuna da hannunsa na hagu, yana juya mini zaren a wuyan ƙugiyar. A'a. A'a. Ya nuna bakinsa, na rasa gane nufinsa, har na kawo ruwa. Ashe wai in jiƙa zaren da miyau kafin in ja. Na jiƙa, na ja, ƙulli ya zauna daram.

"To."

Ban ma san wace lamba ce ba, tun ranar faranti suka cakuɗe.

Litinin, 17 ga Maris

Na kai wa mai shago ƙugiyar ya gani. Ya ce ta karfasa ce, ya ba ni irinta. A gida kuma Baban yara ya ce a'a, alhali ni ban ga bambanci ba ko na ƙwayar zarra. Amma da na ɗaura, to. Kenan ba ƙugiyar ba ce? Na ɗaura masa har zaren ya ƙare. Hannun dama dai yana nan kan cinya, ko motsi.

Mai leshi ta zo karɓar ɗinkinta, na ce ta dawo jibi.

Lahadi, 23 ga Maris

Ƙanensa ya kai mu bakin ruwa a mota, muka zaunar da shi kan kujera a inuwa. Tana, tsutsar da ake sa wa ƙugiya, abin ƙyama ce, amma na soka ta da hannuna. Na jefa sau uku kafin ta faɗa inda ya nuna. Can na ji zaren ya motsa a yatsana, wani ɗan fizga, gabana ya faɗi. Na ja da ƙarfi. Wayam, an cinye tanar. Na waiga in tambaye shi ko gaggawa na yi ko jinkiri, ashe barci yake, baki buɗe.

Ƙanensa ya ce, "Anti, mu tafi ko? Rana ta yi."

Na ce a bar shi ya ɗan huta tukuna. Ai don shi ne.

Na sake soka wata tanar.