Ni Na Ce a Ba Ƙanwata Kujerar Manaja, Yanzu Ni Ke Son Tafiya

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa, don duk sanda na rubuta sai in ga kamar gulmar 'yar'uwata na kawo jarida. In kin ga ina ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri, haka maganar take a cikina.

Ni mai yanka ce a wani wurin ɗinkin kayan makaranta. Shekarata goma sha huɗu a kan tebur ɗaya, dogon teburin da ke gindin taga, daga ni sai almakashina da alli da tef ɗin awo a wuya. Mu goma sha bakwai ne: teloli goma sha biyu, mata biyu masu sa maɓalli, mai guga, ni, sai manaja. Kowa in ya yi kuskure ana iya farkewa a sake ɗinkawa, ban da ni. Yadin da na yanka ya yanku ke nan.

Uwar ɗakinmu, wadda ta kafa wurin da kekuna biyu kacal, ciwon ƙafa ya matsa mata shekara biyu da suka wuce, ta koma gidan ɗanta a wani gari. Kafin ta tafi ta kira ni ta ce in riƙe mata wurin. Na ce ba zan iya ba, don lokacin mahaifiyata na kwance, ni ke jinyarta. Ta ce to wa na gani? Ko numfashi ban ja ba na ce Ƙanwata.

Ba cikinmu ɗaya ba, Gwaggo, amma haka nake kiranta, ita kuma ta ce mini Yaya. Ta zo wurinmu tana 'yar shekara ashirin da biyu, ko zare ba ta iya sa wa allura ba. Ni na zaunar da ita kusa da teburina na koya mata, har ta zama in ta ɗinka wuyan riga sai ki rantse a jikin yaron aka halicce shi. Da mahaifiyata ta rasu, sati guda ta yi a gidana, ita ce wankan yara, ita ce girki, ita ce tarbar baƙi. Har yau autata in ta yi mini fushi cewa take za ta tattara kayanta ta koma gidan Anti.

To, amma maganar gaskiya, Ƙanwata ba ta iya riƙon wuri ba. Ba mugunta, ba cin amana, ba girman kai. Kalmar a'a ce kawai ba ta fita daga bakinta. Makaranta uku za su kawo aiki, kowace na so ranar Alhamis, ta ce wa kowace an gama. Ba ta rubuta komai. A waya ake gaya mata, ta ce ta riƙe a ka. Da safe ta ce a fara da wanduna, kafin azahar wani ya bugo waya ya ɗaga murya, ta ce a ajiye wanduna a koma siket. Sai ki ga kowane keke da tulin aiki rabi da rabi a gefensa, ba wanda ya kai ga guga. Dutsen gugarmu ya lalace wata biyu ke nan, kullum gobe za a gyara, mai guga da na matarsa yake zuwa a cikin jaka. In teloli biyu suka yi faɗa, kowa ya je wurinta sai ya fito yana murmushi, don ta ce masa shi ke da gaskiya. Tsohon telanmu, wanda muke ce wa Baba Tsaf, ya yi shekara ashirin a wurin, wata huɗu da suka wuce ya naɗe tabarmarsa. Da zai tafi ya tsaya a teburina ya ce, "'Yar nan, ina son yarinyar nan kamar jikata, amma na tsufa da guje-guje."

Ni ce nake toshe ramukan. Ni ke zuwa kafin kowa in jera aikin ranar, ni ke bin makarantu a waya in tabbatar da abin da suka ce, ni ke lallashin wanda ya yi fushi. Maigidana ya mai da abin wasa. Wai in ya miƙo mini kofin shayi sai ya ga ina auna tsawon hannunsa da ido. Wai mace ɗaya ya aura amma rubu'inta kawai ake aiko masa gida. Muna dariya, amma na san maganar ba duka ce wasa ba. Watan jiya likita ya ce jinina ya hau.

Duk wannan da zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya ya faru ne gab da dawowar makarantu daga hutu. Wata makaranta ta canza launin rigunanta daga shuɗi zuwa ruwan toka. Shugabar makarantar ta bugo wa Ƙanwata ta gaya mata, ta ce to, ta manta. Ni kuwa na shimfiɗa bandir shida na shuɗi na yanke tas, riga ɗari biyu da arba'in. Da shugabar ta zo ta ga abin da ake ɗinkawa, sai ta hau faɗa a tsakiyar ɗakin aiki, tana tambayar wa ya yi wannan aika-aikar. Ƙanwata ta sunkuyar da kai ta ce, "Mai yankan ce ba ta duba ba."

Gwaggo, kekuna goma sha biyu suka tsaya cak. Kowa ya san yadda aka yi. Matar nan ta juyo ta wanke ni tas, har da cewa mai furfura kamar ni bai kamata a ce tana wasa da aiki ba. Na ajiye almakashi na shiga banɗaki na wanke fuskata.

Ranar Asabar da hantsi sai ga ta a gidana, ido a kumbure. Tana shigowa ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida, ta zaunar da autata ta tsefe mata kai. Sai da ta same ni a kicin ni kaɗai ta fashe da kuka. Ta ce, "Yaya, tsoro ne ya kama ni, bakina ya riga hankalina. Tun da aka ɗora ni a kujerar nan kullum ji nake kamar takalmin wani na sa." Na rungume ta, ni ma na yi nawa kukan, na ce ya wuce. Amma ranar Litinin ba ta gyara maganar a gaban kowa ba, kuma kafin a tashi ta karɓi wani sabon aikin da ba mu da hannun yin sa.

Yanzu ga inda nake. Wani babban wurin ɗinki a can ƙarshen gari ya aiko mini, suna neman mai yanka da za ta kuma koya wa sababbi. Ƙarfe biyar suke tashi, komai a rubuce. Akwai nisa, mota biyu zan riƙa hawa. Sun ba ni zuwa ƙarshen wata, saura sati uku. Ban gaya wa Ƙanwata ba. Uwar ɗakinmu kuwa duk sanda ta bugo ta tambayi aiki, cewa nake lafiya lau, don ba zan iya kai ƙarar yarinyar da ni na nuna ba.

In na tafi, na san wurin zai watse a kanta, kuma ni na jefa ta ciki. In na zauna, ina tsoron ranar da zan wayi gari in ji ba na son ganin fuskarta. Wannan ya fi hawan jinin ba ni tsoro. Gwaggo, yaya zan yi?

Taki,
Mai Almakashi

*

'Yata Mai Almakashi,

Ki kwantar da hankalinki, ba gulma kika yi ba. Mai gulma ba ta ɓata rabin takardarta wajen yabon wadda take ƙorafi a kanta. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na ji ina son ku duka biyun. Amma tun da gaskiya kika zo nema, ki gyara zama.

Da farko ki sauke wannan kayan da kika ɗora wa kanki. Ke suna kawai kika ambata. Mai wurin ce ta naɗa ta, ta kuma tafi ta bar tela mai kyan hannu da mutum goma sha shida, ba tare da ta nuna mata yadda ake riƙon jama'a ba. Iya ɗinki daban, iya shugabanci daban, kuma na biyun ma koyonsa ake yi.

Inda kike da hannu shi ne shirun da kika yi. Shekara biyu kina toshe rami kafin kowa ya gan shi, don haka Ƙanwarki ba ta taɓa ganin zurfinsa ba. Shekara biyu kina ce wa mai wurin lafiya lau, don haka wadda kaɗai ke da ikon gyara ba ta san akwai abin gyarawa ba. Na san ƙauna ce ta sa, amma wannan rufin asirin bai taimaki yarinyar ba. Ita da bakinta ta gaya miki kujerar ta yi mata nauyi. Wannan kuka ne na neman agaji, ke kuma kika ce mata ya wuce.

Maganar bandir shidan nan kuwa ba ta wuce ba. Kin yafe mata a kicin, kin kyauta. Amma a gaban jama'a aka ɓata miki suna, kuma mai yanka ba ta da wani jari da ya wuce a ce hannunta ba ya kuskure. A gaban jama'ar ya kamata a wanke ki, har da shugabar makarantar. In ba a yi ba, abin zai zauna miki a rai, ya yi ta tsami.

Ga abin da nake so ki yi da sati ukun nan. Cikin makon nan ki zaunar da Ƙanwarki a gida, ba a wurin aiki ba, ki gaya mata an yi miki tayin aiki kuma kina tunaninsa da gaske. Daga bakinki ya kamata ta fara ji. Za ta yi kuka, ki bar ta ta yi, amma kada ki janye ko kalma ɗaya. Daga nan ku buga wa uwar ɗakinku waya tare, ko ku je ku same ta, ita Ƙanwar taki ta yi bayani da bakinta kina gefenta. Wannan ba kai ƙara ba ne, rakiya ce.

Ki tafi da buƙatunki a shirye, kuma kada su yi yawa. A gyara maganar laifin da aka ɗora miki. A sayi littafi, duk aikin da aka karɓa a rubuta launinsa da adadinsa da ranar bayarwa, wanda ya kawo aikin ya sa hannu, ke kuma kada almakashinki ya taɓa yadin da ba ya cikin littafin. Kada a karɓi sabon aiki sai an duba ko akwai hannun yin sa. Kada ki yi mamaki in a wannan zaman ta ce ita a mai da ita kan kekenta. In ta faɗi haka, ba faɗuwa ta yi ba, kuma kada kowa ya sa ta jin kunya. Amma ki shirya, don mai wurin za ta sake waiwayo ki. Jinyar da ta hana ki karɓa a wancan lokacin yanzu babu ita, Allah ya jiƙan mahaifiyarki. Ko kina son kujerar? Ba ki faɗa ba a duk tsawon wasiƙarki, kuma ni ba zan amsa miki ba. In ba kya so, ki ce a nemo wanda ya san aikin.

A cikin kwanakin kuma ki je sabon wurin da ƙafarki, da safe, lokacin cunkoso, ki ji yadda mota biyun suke a jikinki. Ki yi hira da masu aikin can ba a gaban shugabansu ba. Kowane wuri kyau gare shi a bakin mai neman ma'aikaci. Ki kuma zauna da maigidanki ku yi maganar ba da wasa ba. Mutumin kirki ne, da raha yake gaya miki ya yi kewarki.

In ƙarshen wata ya zo kin ga an wanke ki, an fara rubutu, mai wurin ta sa hannu a gyaran, to zama ya fi, don ba a ko'ina ake samun wurin da ake son mutum haka ba. In kuwa kuka aka sake yi, Litinin ta dawo yadda take, ki tafi. Ki ba da sanarwa yadda ya dace, ki nuna wa wani aikin teburinki, ki yi sallama da kowa hannu da hannu. Yaranki uwa ɗaya gare su, maganar likita kuma ba abin wasa ba ce. Wurin aiki yana iya samun wata mai yanka.

Kada kuma ki ɗauka barin aiki yanke zumunci ne. Mutane da yawa sai da suka daina aiki tare suka samu damar zama su yi hira har su yi dariya. Allah ya ba ki lafiya, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri, ya bar ku tare har tsufa. Ki gaishe mini da ita.

Gwaggonku